Tabon da Ke Damtsen Matar Kafinta

Mai allura bai gama ajiye farantinsa ba Kafinta ya cafki wuyan rigarsa ya maka shi da kabad ɗin magunguna. Gilashi ya tarwatse. Kwalaben jini suka gangara ƙarƙashin gado, ɗaya ta fashe.

Shekarar Kafinta saba'in da ɗaya, amma wanda ya ƙare rayuwarsa yana ɗaga katako ba a raina ƙarfinsa. Injin yanka ya cinye masa yatsu biyu na hannun dama tun yana saurayi, hakan bai taɓa hana shi komai ba. Ya sake buga kan mutumin da ƙarfen kabad. Hanci ya fashe, jini ya wanke farar riga.

Wata bakwai ke nan da fara abin. A ɗakin jiran asibiti suka ga takarda manne a bango: cibiyar bincike tana neman masu sa kai, masu ciwon mantuwa tare da waɗanda ke zaune da su. Kafinta bai yi wata-wata ba. Ya daɗe yana lura da Tsohuwa, sunan da yake tsokanar matarsa da shi tun ba ta da furfura ko ɗaya. Yau a tsinci makullan gida a cikin firiji, gobe butar shayi ta ƙone ƙurmus a kan wuta. In ya yi mata faɗa sai ta ba shi haƙuri, ta koma gefe. Ya sa hannu a takardun, ya ce ko ba a warkar da ita ba, wasu za su amfana.

Duk Talata suna zuwa cibiyar. A ɗebi jininsu su biyun, a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, wata likita ta ba su kalmomi uku su riƙe, ta sa su zana agogo. Ai sai an gwada mai lafiya kafin a gane bambanci, in ji shi. Tambayoyin yara ne, bai cika wahalar da kansa wajen amsa su ba. Ranar Alhamis kuma mai allurar cibiyar ke zuwa gida da jakarsa, ya duba su, sannan ya bi Tsohuwa kicin su yi ta ƙus-ƙus.

Ciwon nata sai gaba yake yi. Ta kwashe masa guduma da zarto, har da wuƙaƙen kicin, ta ce ba ta san inda suke ba. Da zarar rana ta fara faɗuwa sai ta shige ɗakin 'yarsu da ta yi aure, ta murɗa makulli, kamar ta manta wanne ne ɗakinta. Wannan ya fi komai cin ransa. Shekara arba'in da shida suna kwana ɗaki ɗaya.

Daga nan sai raunuka suka fara bayyana a jikinta. Leɓe a kumbure. Ido ɗaya ya yi jajir. Haƙori guda ya tafi. Ta ce ƙofa ce ta buge ta. Shi da ya kafa kowace ƙofa a gidan da hannunsa za a kawo wa zancen ƙofa? Ya zauna ya yi nazari, ya ga mutum ɗaya ne kawai ke shiga gidan. Marar imani ya samu tsohuwar da ba za ta tuna wanda ya doke ta ba. Da safen nan tana sa riga ya hango sabon tabo a damtsenta, baƙi ƙirin. Ya haɗiye maganarsa har suka iso cibiyar.

Mai allurar bai rama ba. Ya kare fuska da hannu yana roƙon Baba ya dube shi da kyau, shi ne fa. Kafinta ya san shi ne, dalilin ke nan. Ya fizgo ƙarfen da ake rataye ƙarin ruwa ya sauke masa a kafaɗa, aka ji ƙas. Masu gadi biyu suka faɗo ɗakin, likitar ta yi musu alama su bi a hankali. Ya sake ɗaga ƙarfen, wannan karon kai ya nufa.

Tsohuwa ta shiga tsakani.

"Matsa," ya ce. "Ke ba ki tunawa, ni ina tunawa. Yau sai na karya hannun da ke taɓa ki."

"Baban yara, ajiye ƙarfen nan." Muryarta ba ta rawa. "Bawan Allah nan bai taɓa ni ba. Kullum roƙona yake in bar gidan, ni ce nake ƙi."

Tausayinta ya kama shi har idonsa ya ciko. Dubi inda ciwo ya kai ta, tana kare mai dukanta. Ya yar da ƙarfen. Tunda ba za ta iya faɗa ba, jikinta zai faɗa. Ya naɗe mata hannun riga, ya kama damtsen da hannun dama ya juya shi wajen haske, ya ce likita ta zo ta gani da idonta.

Likitar ta matso. Ba tabon take kallo ba, hannunsa take kallo.

Sai shi ma ya duba. Sawun yatsu ne a jikin fatar, guda uku, tsakaninsu da giɓin yatsu biyu, kuma kowane yatsa nasa ya zauna daidai a kan sawunsa. Tsohuwa ta ɗora tafinta a kai, ta riƙe shi kada ya janye.

"Ba kai ka kawo ni nan ba, Baban yara," ta ce. "Ni na kawo ka."