Akwatin Wutar da Ya Mutu a Ƙwai na Bakwai

Na ga ranka ya ɓaci, ɗan'uwa, don an ce maka kada ka yi abin da ka yi niyya. Gyara zama in ba ka wani misali, sa'an nan ka yi hukunci da kanka.

An yi wani mutum mai zanen katin biki da allon talla, wanda ya shekara biyu yana haɗa kwamfuta ɗaya, yau ya sayo wannan, bayan wata uku ya sayo wancan. Da ita yake zanen da iyalinsa ke ci, da ita kuma yake wasan tseren mota idan ya tashi daga aiki, domin mutumin naka mayen wasa ne, ko ana kiransa cin tuwo sai ya ƙarasa zagaye. Ya zuba ƙarfinsa a kan firosesa, wato ƙwaƙwalwar injin, da katin hoto mai fanka uku, wanda ke fitar da hoto a allo. Amma akwatin wuta, ɗan ƙarfen nan da ke karɓar lantarki daga bango ya raba wa sauran kaya, bai saya ba. Kyauta ya zo a cikin gidan kwamfutar, aka manna masa takarda mai cewa ƙarfin wutarsa wat ɗari shida da hamsin ne, shi kuwa ya yarda da takarda. Rannan abokan wasansa suka cika masa kunne cewa ana iya matsa wa firosesa ta yi gudu fiye da yadda masana'anta ta tsara mata. Sai ya rungumi injinsa ya nufi shagon wani dattijon mai gyara, ya ce a ƙara mata gudu kafin gasar tseren da za su yi ran Asabar.

Dattijon nan yana da wata al'ada da ke ba masu gaggawa haushi. Ba ya kunna inji sai ya kwance akwatin wutar ya auna shi a tafin hannu. Ya ɗaga na mutumin, ya jinjina, ya ji shi sakayau kamar gwangwanin madarar da aka shanye. Ya ce wannan ba zai ɗauki ƙarin gudu ba, domin firosesar da aka matsa wa tana jan wuta fiye da da, kuma akwati irin wannan idan zai mutu ba ya tafiya shi kaɗai. Mai zane ya murtuke fuska. A ransa ya ce, to, an zo wurin, tsoho yana da kayan da suka yi kwantai, ni zai sauke wa. Har ya fara naɗe wayoyinsa zai tafi inda za a yi masa ba musu. Dattijon bai yi masa gardama ba. Ya jawo wani katako daga ƙarƙashin tebur, wanda ya jera wa ƙwan fitilar mota guda takwas, kowanne da makunninsa. Ya ce kowane ƙwai yana cin wat sittin. Injin a yadda yake yana cin kamar ƙwai biyar in wasa ya yi zafi, in an ƙara gudu zai kai bakwai ko takwas. Ya nemi izini ya gwada akwatin a kan katakon, kwamfutar tana gefe ba a jona ta ba.

"In ya riƙe takwas, Malam, zan yi maka aikin kana tsaye. In kuma ya mutu, ka yafe mini shi."

Mai zane ya amince, yana murmushin wanda ya tabbata zai kunyata tsoho. Aka kunna ɗaya, biyu, har biyar, haske tar. Ya dubi dattijon ya ɗaga gira. A na shida hasken ya koma ja-ja, fankar akwatin ta kama kuka. Da aka taɓa na bakwai sai ji suka yi tas! Ƙwai biyu suka yi wani farin haske suka mutu nan take, hayaƙi mai warin roba ya turnuƙe shagon. Mai zane ya tsaya yana kallon ƙwan nan biyu da suka yi baƙi, sannan ya juya ya kalli injinsa a gefe, lafiya lau, da aikin mutane cike a cikinsa. Ya nemi benci ya zauna. Tsoro ya kama shi, kunya ta biyo baya, domin ya san abin da ya raya a zuciyarsa game da bawan Allahn nan.

Sai ya ce a kawo sabon akwatin, ko nawa ne. Dattijon ya yi dariya ya ce shi ai bai taɓa sayar da kaya ba, gyara kawai yake yi. Ya ɗauko nasa na gwaji, mai nauyi kamar bulo, ya ɗaura masa aro, ya rubuta masa a takarda irin wanda zai nema da yadda zai gane na ƙwarai, ya ce ya saya duk inda ya ga dama. Mutumin ya riƙe hannunsa da hannu biyu yana godiya, yana neman gafarar zargin da bai ma furta ba. Har yau idan ya kunna injin nan sai ya sa wa dattijon albarka, kuma ni ma ina taya shi, don irin waɗannan mutane sun yi ƙaranci.

To kai ma, ka koma wurin wanda ya hana ka ɗin nan ka gode masa. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.