Na Bar Cin Nama

Yana sauka daga mashin a ƙofar gidansu na Kebbe, ƙamshin soyayyen nama ya tarbe shi.

Kwana goma sha tara rabonsa da nama, tun ranar da likita ya auna jininsa ya girgiza kai. Ya koyi dafa wake da alayyafo, tumbi ya fara saɓewa. A ofishinsu na Tambuwal har gudunsa ake yi, don duk wanda ya kama sai ya sha wa'azin zogale. Jiya murna ta ɗebe shi ya kira mahaifiyarsa: "Inna, albishirinki, na bar cin nama!" Ko goro ba ta ce ba.

Ya yi sallama, rungume da kabeji da karas. Maƙwabta sun cika tsakar gida, kowa na yi masa kallon tausayi. Shi ne ɗan fari, don haka Inna ba ta dube shi ba. Ta turo kwano, ta ce da ƙanwarta:

"Ce mashi ya ci. Mun gane. Namiji bai cewa babu, sai ya ce ya bari. In dai ina da rai, ɗan gidan ga bai rasa nama."

Dariya ta taso masa, ya buɗe baki zai yi bayani. Sai idonsa ya kai gindin rumbu. Ga turke, ga igiya, babu akuyar Inna guda ɗaya tilo.

Ya ajiye kabejin, ya ce a miƙo masa ruwan wanke hannu.