MP Mai Fito da Muryar Uwais

"Ita ma cire ta," na ce wa mai shagon sayar da MP, 'yar na'urar sauti, a Kwanar Dangora. "Shaƙe murya take yi."

"Haba Baba! Wannan MP ɗin fa gidan biki take tayarwa."

"Ba biki zan yi ba. Wadda za ta fito da mutum kamar yana gabanka nake so."

Ya zaro wata 'yar baƙa, ya sa mata katin memorina. Muryar ƙanena Uwais ta fito tas, har numfashinsa. Na biya, ban yi ciniki ba.

Tun bara ruwan Tiga ya ci Uwais wajen kamun kifi. Inna ba ta gani, ga hawan jini, sai muka ce mata ya tafi Legas. Tsofaffin saƙonninsa na murya nake kunna mata a kan sababbi ne. Da tsohuwar MP ta fara kakarewa, na ji tsoron asirinmu zai tonu.

Da na koma gida, na kunna wa Inna sabuwar. Ta riƙe ta a kunne har ya gama gaisuwa.

"Wannan ta fi waccan, Ɗanlami," ta ce. "Kamar yana raye. Sake kunna min."