Ƙofar da Ba Ta San Fuskata Ba

Tun da aka daina amfani da katin shaida, fuska ce ke buɗe kowace ƙofa a garin nan. Ni kuwa zabiya ce, rana na cin tawa kaɗan-kaɗan.

Da safe na je rumfar Baba Ɗanjuma wanzami, wanda yanzu na'ura ke masa aikin aska. Ta yanko 'yar siririyar fata a gefen hancina, ta duba, ta sake yankowa, har ta daina ganin ciwon daji. Ba ta taɓa lafiyayyen nama ba.

"Ko ɓawon albasa ya fi fatar nan kauri," in ji Baba, yana rufe raunin da auduga. "Je ki kwanta, 'yata."

"Yau jarrabawar ƙarshe, Baba. Sai na zama lauya zan kwanta."

A jami'a ƙofa ta dube ni, ta ƙi buɗewa. Malam Tanko mai gadi ya taso.

"Barista, ni na san ki, ita ce ba ta san ki ba. Sai raunin ya warke a sabunta hotonki."

"Kafin ya warke wani ya fito, Malam."

Ya sunkuyar da kai. Babu inuwa a wurin, domin an sare bishiyoyi kada su tare wa ƙofar gani.

A ciki an fara raba takardu. Na naɗe lemata, na cire audugar, na tsaya gaban ƙofar cikin rana. Ni da ita, dole ɗayarmu ta gaji, ni kuwa na saba.