Ɗakin Kowa da Kowa

Fada, limamin cocin jami'a, ya yanke ƙyalle, ya yayyafa wa sabon ɗakin ruwan albarka har kan kafet, jami'a ta ɗauki tafi. Ɗakin ibada ne na kowane addini, in ji allon ƙofa. Ni mai shara aka turo gaba don hoto, tunda ni kaɗai ne ɗan Marawi, garin Musulmi, a kusa.

Can sai ga gasasshen alade an ɗauko a kan gora, yana sheƙi.

"Ci mana, ɗana," in ji Sista shugabar kwamiti. "Ai don ku aka gasa shi!"

Na ce na ƙoshi, Allah ya saka. Raina fes, domin tun zuwana Manila a ƙarƙashin matakala nake salla, tsakanin tsintsiya da bokiti.

Da la'asar na yi alwala na nufi ɗakin, na tarar an datse shi da ƙaton kwaɗo.

"Haba ɗana, da jiƙaƙƙun ƙafafu?" in ji Sista. "Baƙi daga Roma za su zo dubawa baɗi. Kafet ɗin nan fari ne fa."

Ban tuna mata ruwan Fada ba, na koma ƙarƙashin matakalata. Na iske mai gadi ya naɗe tabarmata, yana sosa ƙeya.

"Yi haƙuri, abokina, an hana salla a nan daga yau. Sun ce wulaƙanci ne a bar ka cikin tsintsiya, alhali an gina maka ɗaki."