Manhajar da Mani Ya Zaɓa

Wata uku Mani ya kwashe yana zaɓen manhaja, kuma da bakinsa yake faɗa cewa ko neman aurensa bai ba shi wahala haka ba.

Kamfanin Hajiya Turai ya girma har takardunsa sun fi ƙarfin kabad. Hatsi da wake take saye tana sayarwa. Tana da rumbuna a Batsari da Safana, da rassa a Wagini da Tsaskiya da Babban Duhu, ga manoma fiye da dubu huɗu da suka dangwala mata yatsa a yarjejeniya. Wani babban kamfanin abinci ya yarda zai riƙa ɗaukar wakenta, amma da sharaɗi: da kaka masu bincikensa za su zo su ga takardun shekara goma sha biyu, tun daga gonar da aka shuka har buhun da aka ɗinke. In babu takarda, babu kwangila.

"Ka samo mana tsarin da za a zuba komai a kwamfuta," in ji Hajiya. "In kwangilar nan ta suɓuce, Mani, kai ma ka fara neman wani aikin."

Mani shi ne shugaban sashen takardu, ya kuma taɓa yin kwas ɗin kwamfuta na mako shida, abin da ba ya bari kowa ya manta. Nan take ya aika wa rassa saƙo cewa kowa ya tattaro takardunsa, duk yadda ya samu, a kai Safana. Bai tsaya ganin isowarsu ba. Irin wannan aikin na 'yan acaɓa ne, shi kuwa manyan taruka na jiransa a Katsina.

Manhaja biyu suka rage bayan tankaɗe da rairaya. Ta farko a intanet take ajiya, kowane reshe zai iya buɗe fayil daga waya. Ta biyu na'ura za a girka a gida, a kulle ta da kwaɗo, kuma duk wanda ya taɓa fayil sai ta rubuta sunansa. Mani ya zana jadawali, ya ba kowace maki, ya goge, ya sake bayarwa. Ya hau babur har Babban Duhu don gwada sabis, ya ɗare kan suri da babbar riga, waya a sama, mata masu zuwa rijiya suna kallonsa suna rufe baki. Bai ji kunya ba, don a ganinsa haka masana suke shan wahala.

Rashida, wakiliyar masu manhajar intanet, ta ba shi shawara kyauta.

"Yallaɓai, ka ba mu takardun mu fara ɗaukar hotonsu tun yanzu. Ko ba mu ka zaɓa ba, ka ga kana da kwafi."

Mani ya yi murmushin wanda ya gano tarko. "Takardunmu ba za su kwana a hannun baƙo ba."

Ya ji daɗin wannan magana ƙwarai, har ya maimaita ta a taro uku. A kanta ma ya yanke hukunci: ta gida za a saya, saboda tsaro.

Injiniyoyi suka ce suna buƙatar ɗaki busasshe mai ƙofar ƙarfe. Ɗakin baya na rumbun Safana ne kaɗai ya dace. Daga cikin zauren wani taro Mani ya buga waya ga Gagare, tsohon maigadin da ya shekara ashirin bai taɓa musa umarni ba.

"Baba Gagare, a share ɗakin baya ƙal."

"Ranka ya daɗe, ai cike yake da buhuna."

"Hatsi ne?"

"A'a."

"To tarkace ne. A ba mabukata."

Ya kashe wayar, domin an zo bayanin yadda ake ajiyar kwafi na biyu, kuma ba ya son ko kalma ɗaya ta wuce shi.

Daga nan sai farin jininsa ya ƙaru a gari. In ya ratsa kasuwar Safana, mahauta su ɗaga masa hannu, masu ƙosai su yi ta "Allah ya ƙara girma, Manaja." Har a Batsari haka. Mani ya fahimci abin nan da nan: labarin na'urar ne ya bazu, talaka kuwa ya san darajar ilimi. Ya ƙara karkata hula.

Ranar da aka kunna na'urar, saura mako biyar masu bincike su iso. Hajiya Turai ta zo da kanta. Fitilu kore suna ƙiftawa, sola na aiki, ɗakin sai ƙamshin sabon fenti. Mani ya yi jawabi a kan tsaro har sai da Hajiya ta duba agogo sau biyu.

"Ya yi kyau," in ji ta. "Gobe a fara ɗaukar hoton. Ina takardun suke?"

"Suna nan Safana a killace, Hajiya. Bari a ci wani abu tukuna."

Yana laluben Gagare da ido, sai ga Armaya'u mahauci ya shigo da balangun da aka yi oda. Bai aiko kowa ba, da kansa ya ɗauko. Ya durƙusa ya ajiye ƙunshin gaban Hajiya, ya gaishe ta, ya tambayi iyali da gajiya, sannan ya juya ga Mani, fuska cike da godiya.

"Manaja, Allah ya saka da alheri. Buhu ashirin da uku na takarda, kyauta! Da mu da masu ƙosai har na Batsari muka raba, masu dangwalen yatsan nan ma sun fi riƙe mai. Wannan da na naɗo muku naman a ciki ita ce ta ƙarshe."