Abin da Mai Gyara Ya Goge

Sabunta manhajar ya sake tsayawa, kwamfutar ta ce babu wuri. Mai gyaran, wanda shagonsa ke bakin tashar Jibiya, ya duba ya tarar bidiyoyi sun cika ta maƙil. Ya buɗe ɗaya: mace ce ba ɗankwali, tana waƙa tana dariya.

Lokacin Shari'a ne, ana ƙwace irin waɗannan finafinai. Mai kwamfutar, wani dattijon ɗan kasuwa daga Maraɗi, ya tafi masallaci. Mai gyaran ya ce bari ya rufa masa asiri, ya goge su kaf. Nan take aikin ya tafi sumul.

Da dattijon ya dawo, mai gyaran ya raɗa masa, "Alhaji, na share kayan nan. Ba mai ji a bakina."

"Mi ka share?"

"Matar nan mai waƙa."

Dattijon ya dafa tebur, ya zauna a hankali. "Uwar ɗiyana ce. Bara ta rasu. Autarmu ba ta barci sai ta ji muryarta."

Mai gyaran ya sunkuyar da kai. Har dattijon ya rungumi kwamfutarsa ya fita, bai iya ɗagowa ba.